Abin da na gani da asuba a Chiang Mai

Shekaranjiya na dawo daga Tailan, har yanzu jikina bai ware ba amma dole in rubuta wannan tun da zafinsa. Sarin kaya ya kai ni Bankok, kasuwar Pratunam, wannan kam ba sabon abu ba ne, sai dai jami'in da ya duba fasfo ɗina a filin jirgi wallahi ko kallon fuskata bai yi ba, ya ajiye ni kusan awa ɗaya a tsaye kamar ɓarawo. Da na gama lodi sai na hau jirgin ƙasa na dare zuwa Chiang Mai, wani birni a arewacin ƙasar, awa 13 muna tafiya.

Gidan wata tsohuwa na kama ɗaki, Mama nake ce mata. Na idar da sallar asuba kenan na ji motsi a kicin, na leƙo na tarar tana kwashe shinkafar saman tukunya, ta farko, tun kafin kowa a gidan ya ci. Ta fita ƙofar gida ta cire takalmi. Can sai ga malaman addinin Buddha a jere cikin mayafi ruwan goro, ba takalmi, kowa da ƙwaryarsa, babu mai cewa uffan, ba sa roƙo. Ta zuba musu ta durƙusa, kuma abin da ya ɗaure min kai ITA ce mai godiya! Jikanta ya yi min bayani cewa su a wajensu wanda ya karɓa shi ya taimake ka, da bai zo ba ina za ka samu ladan. Daga nan ta ɗauki ɗan ruwa tana tsiyayawa a hankali ta kai gindin bishiya, wai ladan ya isa ga iyayenta da suka rasu da duk wani mai rai, har ta haɗa da ni baƙo.

Nan fa almajiran unguwarmu suka faɗo min a rai. Mu sai ɗumamen jiya ko ƙanzo, wani lokacin ma daga cikin ɗaki ake jefo musu "Allah ba da haƙuri", alhali addininmu ya hana mu bayar da abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba. Gaskiya na ji kunya sosai. Su malaman Buddha ba sa cin abinci bayan rana ta take tsaka, abin da ya yi saura yaran da ke musu hidima da mabuƙata ke ci, har karnukan wajen suna samu.

Da Mama ta gane ba na cin alade da kanta ta raka ni masallacin Ban Haw inda ake sai da abincin halal, taliya da kaza baht 60 a kuɗinsu, arha wallahi, ta hana ni biya.

Na hau Doi Suthep, dutsen da ke da wurin ibadar Buddha kusa da garin, matakala 306, ƙafafuna sun gaya min. Washegari na koma Bankok, sai Adis Ababa, sai Kano.