Kamfas, taswira da hazon Garwa

Kamfanina bai taka kara ya karya ba: Hilux ɗaya, yara uku, da ofis mai ɗaki guda a Garwa, arewacin Kamaru. Baƙi muke kaiwa yawon daji, galibi gandun dajin Binuwai da ke kan hanyar Gaundare, wani lokaci tafkin Lagdo. A da har Rumsiki muna zuwa, amma tun da rashin tsaro ya taɓa yankinsu na Arewa Mai Nisa baƙi suka ɗauke ƙafa.

Duk yaron da na ɗauka aiki, kafin ya taɓa sitiyari sai ya iya kamfas, wato na'ura mai allurar da ke nuna arewa, wanda 'yan bokon nan ke kira busol. Sukan ce ai akwai waya. To, a tsakiyar daji mai hekta 180,000, batir ya mutu, hazon hunturu ya rufe duwatsu, wayar me za ta yi maka?

A gindin dutsen Tingilin nake fara koya musu. Mu shimfiɗa taswira a ƙasa, mu juya ta har arewarta ta dace da inda jan bakin allura ya nuna. Mun yi sa'a a yankinmu, tazarar arewar allura da ta taswira ba ta da yawa. Sai ma'auni: a taswirar 1:200,000, santimita ɗaya kilomita biyu ce a ƙasa. Nan yara ke ruɗewa, su ga tazara kamar faɗin yatsa su ce yanzu za mu isa. Layukan tudu kuwa, inda suka matsu da juna hawa ne mai tsauri, inda suka ware fili ne.

Ƙirga taku na fi ba wa lokaci. Kowa ya auna mita 100 ya san takunsa. Ni ƙafar dama kawai nake ƙirgawa, kusan 62, amma cikin yashin busasshen kogi ko doguwar ciyawa sai ya ƙaru. Tsakuwa goma nake sawa a aljihun hagu, duk mita 100 in mayar da ɗaya dama. Aljihu ya ƙare, kilomita ta cika.

Bara wani yarona ya kusa ba ni kunya gaban baƙi. Mun shiga a kan digiri 70, dawowa sai a ƙara 180, wato 250. Lissafinsa daidai, amma muna ta tafiya babu mota babu alamarta. Da na waiwaya sai na ga ya ɗora kamfas a kan faɗin addarsa, wai don ya zauna daram.

"Kai, ɗaga shi daga kan ƙarfen nan!"

Yana ɗagawa allura ta juya.

"Wallahi maigida, na sha'afa."

Rana ta kusa faɗuwa muka iso mota, ruwanmu saura gora ɗaya. Yanzu shi ke koyar da sababbin yara, kuma kafin ya miƙa wa kowa kamfas sai ya karɓe adda, waya da makullin babur ya ajiye nesa.