Saƙon godiya bayan yaye matasanmu na Agege

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, taro ya watse lafiya, baƙinmu na Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago kowa ya isa gida. Har yanzu muryata a dishe take, amma bai kamata in kwanta hutu da bashin godiya a wuyana ba, domin Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Ba sai na maimaita muku abin da aka yi a gabanku ba. Kuna nan dokar hana acaba ta fara aiki ranar 1 ga Yuni, 2022 a ƙananan hukumomi shida na jihar Legas, har da Ikeja inda yawancin yaranmu suke samun na abinci, kuna nan kuma aka ɗora mini riƙon asusun da muka buɗe don kai su koyon sana'a, wasu gyaran waya a Computer Village, wasu kanikanci a wajajen Ladipo, wasu ɗinki a nan cikin unguwa.

Dare ɗaya ne ba zan manta ba. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500, kuɗin danfo, wato bas ɗin haya, ya bi ta, abin da muka ware na kuɗin mota ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Sai magana ta fara yawo wai an ci kuɗin. Bayan sallar isha'i matasan suka tare ni a ƙofar masallaci, kowa yana faɗin abin da ya zo bakinsa, ni kuwa gwiwoyina suka yi sanyi, domin na tabbata kafin gari ya waye labari zai isa garinmu cewa ɗan wane ya ci amanar jama'a a Ikko. Ina shirin ɗaukar Alƙur'ani in rantse, Baba mai shayi na bakin layin dogo ya ratso mutane ya riƙe hannuna, ya ce: "Ɗana, babba juji ne, bar su su zuba. Kada ka rantse, je ka ɗauko littafin ka karanta musu, ni zan haska maka." Haka dattijon nan ya tsaya da tocilan a hannu har na kai shafin ƙarshe, sannan ya juye cinikinsa na ranar a kan tabarma ya ce a rubuta a asusu. Baba, kun hana ni ambatonku, ku yafe mini, na kasa yin shiru.

Shi ne ya ba da shawarar a riƙa karanta lissafi duk Juma'a tun kafin wani ya tambaya, kuma a damƙa littafi na biyu a hannun yaron da ya fi kowa ɗaga murya a daren. Da farko abin ya yi mini nauyi. Yaron nan ne kuka ga ya yi jawabi a madadin 'yan uwansa, kuma a ganina ko kwasa-kwasan shugabancin da ake biya da tsada a otal-otal ba za su koyar da abin da ya fi wannan ba.

Ina godiya ga mai martaba Sarkin Hausawa da liman da suka tsaya mana, da Hajiya mai tuwo da ta ciyar da yaran nan bashi ba ta taɓa aiko musu da tuni ba, da ubangidansu Bayarabe mai shagon waya wanda ya yafe kuɗin yaye, da uwargidana da ta jure dawowata tsakar dare. 'Yan uwana na jini da ke nan Legas, waɗanda katin gayyata ya isa hannunsu amma ban ga ƙeyarsu ba, na ɗauka uzuri ne ya riƙe su, ko da yake kujerunsu na gaba muka ajiye.

Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya jiƙan iyayenku, Ya shirya muku zuriya, Ya rufa muku asiri duniya da lahira, Ya sa Baba ya ga ɗakin Ka'aba da idonsa. Allah Ya sanya albarka a hannun yaran nan, Ya tsare su daga haram da sharrin bariki. Akwai waɗanda har yanzu ba su samu keken ɗinki da kayan aiki ba, duk mai niyyar taimakawa ya same mu a masallaci ranar Juma'a bayan an idar da salla.