Godiya daga gidanmu, shekara guda bayan abin da ya sami Inna a Mina

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhamdu lillahi. A makon nan likita ya duba sakamakon gwajin ƙodar Inna, ya ce ta dawo daidai, kada ta koma sai bayan wata shida. Sai yanzu hankali ya kwanta har aka iya zama a rubuta godiyar da ta kamata tun bara. Ku yi mana afuwar jinkiri, jiki da aljihu duk sun ji a jikinsu.

Ba sai an maimaita labarin ba, yawancinku da ku aka kwana a waya a daren da bugun zafi ya kayar da mahaifiyarmu Inna a Mina wajen aikin hajji, aka kwana ana nemanta. Litinin ce, 11 ga Zulhajji 1445, wato 17 ga Yuni 2024, ranar da zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Daga baya hukumomin Saudiyya suka sanar da cewa mutum 1,301 ne suka rasu a hajjin. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu, ya ba iyalansu haƙuri. Inna ba ta fi su da komai ba, kwana ne kawai bai ƙare ba.

An saba ba a bayyana mai alheri a bainar jama'a, wai kada a rage masa lada. Wannan karon za a yi mana haƙuri. Za mu ambace su, amma da sunayen da muke kiransu da su a gida.

Ta farko ita ce Gwaggon Damagaram. Ba ta san Inna ba, ba ta taɓa jin sunan unguwarmu ba. A hanyar dawowa daga jifa, bayan cunkoso ya raba Inna da ƙanwarmu da ke riƙe da ita, sai ta hangi tsohuwa zaune a gefen titi cikin yadin alhazan Najeriya, tana ta magana ita kaɗai, takalmi ƙafa ɗaya. Mutane suna wucewa, wasu na miƙa mata robar ruwa. Gwaggo ta yi shekaru tana aiki a likita, kamar yadda mutanen Nijar ke kiran asibiti, don haka ba ta tsaya tambayar suna ba. Bayan hannunta ta ɗora a wuyan Inna, ta ji fata kamar murfin tukunya, ga shi babu ɗigon gumi. Ta ja ta inuwar wata mota, ta kwantar da ita a gefenta, ta sassauta mata hijabi. Ta cire nata gyalen, ta yage shi gida uku, ta juye ƙanƙarar da ke cikin filas ɗinta, ta ɗaure, ta cusa ƙulli ɗaya a kowace hammata, na ukun a wuya. Sauran ruwan ta kwarara mata a jiki, ɗanta na fifita da kwali. Wani bawan Allah ya zo zai ɗura wa Inna ruwa a baki, Gwaggo ta riƙe hannunsa. Ta ce wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa, huhu yake tafiya. Ita kuwa Inna abin da take tunawa kawai shi ne wata murya da Hausar Damagaram tana cewa, "Sannu Yaya, ga mu nan, ba mu tafiya." Kuma ba su tafi ba, har askar, wato jami'in tsaron Saudiyya, ya kira motar asibiti, har aka ɗauke ta.

Likitan da ya karɓe ta a asibitin Mina ya ce sanyaya jikin da aka yi kafin motar ta iso shi ne ya tsare ƙwaƙwalwa. A bugun zafi, jiki kan haura digiri 40, kuma mintocin farko su ne komai. Gwaggo, Allah ya sanyaya miki kabari kamar yadda kika sanyaya jikin uwarmu. Allah ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, ya raya miki zuri'a, ya sa ɗan nan naki ya yi miki abin da ya fi haka.

Ta biyu ita ce Malamar Islamiyyar su Inna. Ita ce kafin tafiya ta sa aka rubuta sunan Inna da jiharta da "mai ciwon suga ce" da larabci a ƙyallen farin yadi, aka ɗinke a cikin hijabinta. Katin Nusuk, katin shaidar alhazai, da ke wuyanta ya tsinke a turmutsutsun, jakar hannu ta ɓace, ƙyallen nan kaɗai ya rage. Sai dai a nan muka yi kuskuren da muke roƙon maniyyatan bana kada su yi. Lambar da aka rubuta a ƙyallen ta Kano ce, ta babbar yayarmu, domin lokacin ɗinkin ba a sayi layin Saudiyya ba. Ɗan Gwaggo ya yi ta kira ta WhatsApp da layinsa na Nijar, ita kuma tana ganin baƙuwar lamba mai +227 ta ƙi ɗauka, tana tsoron 'yan damfara, tana kuma barin layi a buɗe don jiran kira daga Mina. Sai gab da asuba ta saurari saƙon muryar da ya bari. Dare guda cur ana zagaye tantuna da asibitoci, alhali amsa na kwance a waya a Kano. A bar wuri a ƙyallen, ana isa Madina a sayi layi a ƙara lambar da alƙalami marar gogewa, a sa ta jami'in alhazan ƙaramar hukuma, a kuma gaya wa na gida su ɗauki kowane kira a kwanakin Mina. Lambar agajin gaggawa a yankin Makka 911 ce.

Da yawa kun tambaya me ya jawo, tunda ba da tsakar rana ta fita ba. Gaskiya ne, an hana zuwa jifa daga ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma, kuma sai bayan La'asar suka fita. Amma kwalta da ta sha rana wuni guda ba ta hucewa don an yi La'asar. Abubuwa ne suka taru. Tun daga Arfa Inna ta rage shan ruwa ba ta gaya wa kowa ba, saboda layin banɗaki a Mina, inda tsohuwa kan yi rabin awa a tsaye. Wannan ɗabi'a ce ta tsofaffinmu mata da yawa, kuma kunya ba ta barin su faɗa. Ga maganin hawan jininta mai sa yawan fitsari, wanda ya kamata a zauna da likita kafin tafiya a ji yadda za a yi da shi a irin wannan zafi. Ga allurar insulin da ta kwana uku a jaka cikin tanti. Insulin ba ta son zafin da ya wuce digiri 30, tana rage ƙarfi ba tare da kamanninta sun canja ba, suga ya hau, fitsari ya ƙaru, jiki ya ƙara bushewa. Wurinta filas mai ruwan sanyi, a naɗe ta a leda, kada ta taɓa ƙanƙara, don daskarewa ma lalata ta take yi. Sannan an bar keken guragu a tanti saboda ta ce ita da ƙafarta za ta jefi Shaiɗan. Tantunan alhazanmu ba kusa da Jamra suke ba, kuma hanyar shiga daban, ta fita daban, dawowar ta fi zuwan tsawo. Wanda ya san Inna ya san ba a musu da ita. Ya kamata a yi a ranar.

Tafin ƙafarta da ya ƙone shi ya fi daɗewa bai warke ba, sama da wata uku ana wanki. Mai ciwon suga ba ya jin zafin ƙasa yadda ya kamata, sai fata ta saɓule. Silifas ɗin roba da ke zamewa ba na Mina ba ne. A nemi takalmi mai maɗauri a dunduniya, a sa na biyu a jaka.

Godiya ga malamin tawagarmu, wanda ya zo har bakin gadon asibiti da ta farfaɗo tana kuka wai hajjinta ya lalace. Ya zauna ya lissafa mata da yatsu: harami ta ɗauka, Arfa ta tsaya, saura ɗawafin ifada da sa'ayi, su kuma lokacinsu na nan har ƙarshen Zulhajji. Jifan ranar 12 an yi mata, tsakuwa 21, bakwai a kowace Jamra. Ya bayyana cewa a Malikiyya wanda aka yi wa jifa saboda rashin lafiya ba shi da laifi amma akwai hadaya a kansa, ko da yake wasu malaman ba su ɗora ba. Aka biya ta hanyar hukuma aka karɓi rasit. Masu yawo tanti-tanti suna karɓar kuɗin hadaya, Allah kaɗai ya san inda dabbar take.

Sai Ɗan Makka, matashin da ya tura ta a keke. Jikan Hausawan da suka zauna can ne tun zamanin tafiyar ƙasa, Hausarsa duk ta cakuɗe da larabci. Ya kai ta bene bayan tsakar dare lokacin da iska ta ɗan yi sanyi. Zagaye a sama ya fi na ƙasa tsawo nesa ba kusa ba, ga Safa da Marwa sau bakwai, wajen kilomita uku. Duk inda ya ga leɓenta ya bushe sai ya tsaya ya ɗebo Zamzam marar sanyi. Da aka gama aka miƙa masa riyal ɗin da aka yi ciniki, ya zare rabi ya mayar, ya ce, "Kaka, ki sa ni a addu'a." Tana sa ka, kullum bayan Asuba.

Likitoci da ma'aikatan jinya na asibitin Mina da na tawagar Najeriya, matan tantinsu da suka haɗa mata kaya, maƙwabtan da suka yi ta saukar Alƙur'ani a masallacin unguwa, abokan kasuwa da suka rufa mana asiri tun lokacin da aka yi ƙarin kusan naira miliyan biyu a kuɗin kujera ana dab da rufewa, Allah ya san ku ɗaya bayan ɗaya. Ya biya ku da abin da ba ku zata ba.

Sauran shekarar a hanya ta ƙare. A ranar 10 ga Satumba madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Maiduguri, har da gidan Hajiyar Gwange, wadda katifarta ke kusa da ta Inna a Mina. Inna ba ta iya taka ƙafa a lokacin, sai yayyenmu maza suka je jaje ta Potiskum da Damaturu. Hajiyar ta ce tufafi an kawo musu da yawa, abin da babu shi ne gidan sauro, tabarma, tukunya da maganin tsabtace ruwa, don haka su aka loda. Mauludi da Takutaha kuwa a tsakar gida Inna ta yi su. Ita da ba ta taɓa fashin zuwa gindin dutsen Dala ba, a wannan karon 'yan Islamiyya ne suka biyo da zagayensu ta ƙofar gida suka tsaya suka yi mata ƙasida. Mun gode wa wanda ya karkato da su, mun san ko waye.

Da hunturu ya shiga ƙafa ta warke, ta ce ba za ta ƙara kwana ba sai ta ga Gwaggo ido da ido. Aka bi ta Kazaure, Daura, Kwangwalam, aka tsallaka Ɗan Barto, sai Matamaye, sai Damagaram. Mai niyyar bin hanyar ya riƙe takardun shaida da katin rigakafi, ya canji sefa tun a bakin iyaka, ya fita da sassafe don shingayen bincike na cin lokaci. Ya kuma koyi lissafinsu: dala ɗaya sefa 5 ce, in an ce maka ɗari ana nufin sefa 500, jaka kuma 1,000. Direbanmu ya kusa yin faɗa da mai kilishi a kan wannan. Kwana uku aka yi a unguwar Birni ta Damagaram. Da suka haɗu babu wadda ta iya magana, sai riƙe hannu. Inna ta kai mata gyale uku a madadin wanda ta yaga, Gwaggo ta ce ɗaya ta yaga, ɗaya za ta karɓa. Da ƙyar aka shawo kanta. Yanzu jikarta na karatu a Kano, a ɗakin Inna take kwana.

Azumi likita ya hana, aka ciyar. Tafsiri a rediyo ta saurara.

'Yan'uwa na jini da suka zo, da waɗanda nisa ya hana suka yi waya, mun gode. Akwai kuma waɗanda tsakaninmu da su kuɗin adaidaita ne, wata uku ana wankin ƙafa ba a ga ƙeyarsu ba, amma aikensu na neman Zamzam da dabino da bagaruwa ya iso tun ba a kwance jaka ba. An ba su. Inna ta ce kada a rubuta wannan, to ga shi an taƙaita.

Ya Allah, duk wanda ya taka, ko ya kira, ko ya ba da sisinsa, ko ya ɗaga hannu cikin dare saboda Inna, ka ɗauke masa abin da ya dame shi. Ka kai wanda bai je ba, ka maimaita wa wanda ya je. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ka zaunar da Najeriya da Nijar lafiya. Maniyyatan bana, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa karɓaɓɓiya ce.

Keken guragun na nan a gida, an canja masa tayar hagu, yana naɗewa ya shiga cikin kaya. Filas ɗin insulin da na'urar gwajin suga ta biyu ma suna nan. Duk mai tafiya da tsoho ko tsohuwa bana ya aiko a ɗauka kafin a kira su sansanin alhazai.

Wassalamu alaikum.