Layin da ke jikin kwalba

Yau da hantsi a wata farmasi a Tawa, wata uwa ta miƙa ordonansi, wato takardar likita, ta siron amoksisilin na ɗanta. Likita ya rubuta mai 250 mg cikin 5 ml, amma mai 125 kaɗai ya rage. Yarinyar da ke sayar da magani ba ta miƙa haka nan ba. Ta tambayi nauyin yaron, ta shiga ta nuna wa mai farmasi, sannan ta rubuta a jikin kwali: 10 ml maimakon 5.

Sai ta ɗaga kwalbar. "Inna, ki fara girgiza garin ya saki. Ruwan da aka tafasa ya huce za ki zuba, rabi tukuna, ki girgiza, sannan ki cika daidai wannan layi. Kar ki auna da cokalin shayi, ga sirinji. Ko zazzaɓi ya sauka, ya shanye kwanakinsa." Da ta ji babu firji a gidan, ta ce a ajiye gindin randa. Mu a layi har mun fara tsaki. Na dawo gida ina tuna kwalabe nawa aka cika da ruwa har wuya a gidanmu.