Taku Huɗu Babu Ƙugiya

Shekaranjiya ina ƙasa ina ba mai injin ɗaga kaya alama, sai na hango wani yaro cikin masu ɗaura ƙarfen gini ya zare ƙugiyar ɗamararsa ta tsaro, wadda ke riƙe mutum in ya zame, a hawa na biyu. Taku huɗu ne tsakaninsa da ginshiƙi. Na daka masa tsawa har muryata ta dishe, ya ɗago min hannu wai, "Baba, kwantar da hankalinka."

Ni ma taku huɗun ne suka kai ni ƙasa. Da sassafe ne, raɓa ba ta bushe a kan ƙarfen ba. Igiya ɗaya ce a ɗamarata, sai na cire ta kafin in ƙetare mahaɗa, wato inda ƙarafa biyu suka haɗu. Wani lokaci nakan ce laifin ba nawa ba ne: injin na haya ne, shugaban aiki sai duba agogo yake, duk wanda ya tsaya neman wurin maƙala ƙugiya kuma a ce masa matsoraci. Amma da idona na ga wurin, na wuce shi, don shekara 9 ina hawa ban taɓa zamewa ba. Ƙarfen da na taka noti ɗaya ke riƙe da shi, alhali a ƙa'ida noti biyu ake sawa a kowace mahaɗa kafin inji ya saki ƙarfen. Ni na ɗaura shi, kodayake gaggauta ni aka yi. Ya ɗan motsa. Faɗuwar mita 5 daƙiƙa ɗaya ce, babu abin da hannu zai cafka. Dugadugaina suka farfashe, ƙashin baya ya tsage, wata 8 ina kwance matata ce ke juya ni. Har yau ba na iya tsugunawa.

Ku masu ɗaura ƙarfe, ku nemi ɗamara mai igiya biyu, kada ku cire ɗaya sai ɗayar ta kama. Ku maƙala a saman kai, don wadda aka maƙala wajen ƙafa tana iya barin mutum ya kai ƙasa kafin ta riƙe shi. In babu wurin maƙalawa, ku ƙi hawa. Na san ana iya sallamarku, mai iyali kuma ba ya wasa da aiki, ni kaina da ba zan ƙi ba. To, ku ƙi dai.

Sai dai ku yaran yanzu ba kwa jin magana. Jiya na sake hango yaron nan, ƙugiyar a maƙale wajen ƙafarsa, waya a hannu yana ɗaukar kansa bidiyo. Na tsayar da inji, na ce a sauko min da shi.