Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ranar da na fara rawa a gaban kyamara

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. Makon jiya mun tsaya a inda maigidana na rawar gargajiya ta koroso ya kira ni bayan la'asar, ya ce wani furodusa na neman samari shida masu ƙafa, za a ɗauki waƙar fim a madatsar ruwa ta Tiga. Daga nan za mu ɗora.

Shekarar 2002 ce, ina ɗan shekara 19. Wanda bai riski lokacin ba, bari in ɗan ba shi haske. A ƙarshen 2000, bayan an ƙaddamar da shari'a a Kano, an dakatar da harkar fim. Da aka shiga 2001 aka kafa hukumar tace finafinai, aka dawo aiki bisa sharaɗi: mace ta suturta jikinta, namiji kuma kada ya taɓa ta. Amma waƙa tana nan, don ita ke sayar da fim. 'Yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata, kafin su tambayi labarin fim sai sun tambayi waƙa nawa ce a ciki. Shi ya sa irinmu masu rawa muka samu ƙofa.

Da asuba muka taru a Zoo Road, ana tsananin hunturu. Ban gaya wa Baba ba. Umma kawai na ce wa za mu je wasa wajen gari, ta ƙulle min ƙuli-ƙuli da gari a leda, ta ce Allah ya tsare. Muka cika bas, mu da kaya da janareto da wata babbar rediyo mai cin kaset, muka ɗauki titin Zariya. Hantsi bai gama dubawa ba muka isa madatsar ruwan nan da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, hazo ya kwanta a kan ruwa, duwatsu sun yi sanyi ƙalau.

A nan na fara sanin yadda ake yin abin. Ashe waƙar tuni an gama ta a sutudiyo, an buga kiɗan da fiyanon Yamaha, mawaƙa sun rera sun tafi abinsu. Mu namu bin sauti ne. A kunna rediyo, jarumi da jaruma su riƙa motsa baki kamar su ke rerawa, mu 'yan baya mu taka. Baiti ɗaya sai a maimaita shi sau goma, yaron da ke riƙe da rediyon yana mayar da kaset baya da biro don kada batir ya ƙare. Kowane baiti kuma da kayansa, a gudu a sauya riga a bayan dutse a dawo.

Da darakta ya ce a fara, sai ƙafata ta ƙi ni. Shekara biyar ina koroso, kuma a koroso da kunne nake rawa. Akayau na ɗaure a ƙafa, duk takun da na yi yana amsa min, sarewa na jan mu gaba. Yau ga ni cikin takalmi sau-ciki da wandon jins na aro, ina takawa ba na jin komai. Sau uku ina ɓata layi. Darakta ya tsayar da aiki ya ce, "Kai ɗan koroso, me ka ajiye a ƙasa? Fuskarka muke so, ɗago kai!" Jikina ya yi sanyi, na ga kamar a ranar za a sallame ni.

Jarumar ce ta cece ni, Allah ya saka mata da alheri, ta daɗe da yin aure ta bar harkar. Ana hutu ta aiko a kira ni, ta ce, "Ƙanena, ƙafarka ta fi ta kowa a nan, me ke damunka?" Na ce, "Anti, ba na jin takuna." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ai kyamara ba ta ɗaukar sautinmu, waƙar daga baya ake ɗorawa, in ƙara nake so in nema. Na je bakin ruwa na tsinci ƙananan tsakuwa, na roƙi kwalin ashana biyu wurin mai shayi, na zuba, na cusa a cikin safa. Da aka sake kunna rediyo na taka, na ji kacau a idon sawuna. Wallahi kamar an buɗe min ƙirji. Na ɗago kai, kafaɗa ta saki, murmushi ya zo da kansa.

Ana yawan cewa kwaikwayon Indiya kawai muke yi. Ba zan musa duka ba, mun taso muna kallon finafinansu a gidajen sinima na Plaza da Marhaba, kuma juyin hannu da wasan gyale daga can muka gano su. Amma ƙafar tamu ce. Takun dandali ne, da na 'yan mata a gaɗa, da wanda kalangu ke sa mutum yi a gidan biki. Sannan dokar hana taɓa juna ta koya mana abin da ba a fim ɗin Indiya muka gani ba. Taku biyu ne tsakanin jarumi da jaruma, duk soyayyar da ke cikin waƙar sai ta ratsa wannan tazara da ido da kafaɗa kawai. Wanda ya raina wannan aiki bai taɓa gwada shi cikin rana ba.

Bayan azahar wani juyi ya gagari jarumin. Darakta ya waiwayo ya ce, "Ɗan koroso, zo ka nuna masa." Na fito gaban mutumin da nake ganin hotonsa a fosta, ina ƙirga masa taku, shi kuma bai yi girman kai ba, ya bi ni har ya iya. Kafin magariba aka ƙara min da magana guda a wata fitowa, in shigo in ce wa jarumin ana sallama da shi a waje. Ita ce maganata ta farko a fim.

Naira 1,500 aka yi mana alkawari. Da muka dawo gari cikin dare furodusa ya miƙo wa kowa 500, ya ce sauran sai fim ya fita. Har yau bai cika ba, kuma abin ya yi min ciwo, don ranar ko abincin kirki ba mu ci ba. Na sayo wa Umma sabulu da sukari, na ajiye kwalayen ashanar nan a ƙasan akwatina.

Wata uku shiru. Ran nan ina dawowa daga kai ɗinki, ƙanwata ta tare ni a zaure tana haki, ta ce sun gan ni a tallan wani fim a gidan maƙwabta, kuma labari ya riga ya kai shagon Baba a Fagge. Ban gama jin ta ba na hango shi ya karyo kwana da kekensa, tun ba a yi la'asar ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya jingine keken, ko sallamata bai amsa ba, ya ce, "Biyo ni ɗaki."

Abin da ya gudana a ɗakin nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.