Na kai garin samariyam maƙerar Baba

Shekara 11 ke nan ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata lise a nan Damagaram. Duk shekara idan muka zo kan jadawalin sinadarai, layuka biyun nan na ƙasa sai dai mu karanta sunayensu mu wuce, domin ko ni ban taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ba. Bara wani tsohon ɗalibina da ke karatu a waje ya zo hutu, ya kawo mini tsaraba: 'yar kwalba mai giram 25 na oksid ɗin samariyam, Sm2O3, wato haɗin oksijin da samariyam, ɗaya daga cikin ƙarafan layukan nan.

Gari ne mai laushi, fari da ɗan ratsin rawaya, ba ya wari. Da na nuna a aji, wata ɗaliba ta ce, "Mushe, ba da shi ake yin maganaɗisu ba?" Ta kawo mayen ƙarfe na tsohuwar rediyo ta kanga a jikin kwalbar, garin bai ko motsa ba. Tambayarta ta yi mini daɗi, domin gaskiya ta faɗa, sai dai akwai tafiya a tsakani. Sai an raba samariyam da iskar oksijin, ta hanyar gasa garin tare da ƙarfen lantanam a tanderun da aka zuƙe wa iska, samariyam ya tashi kamar tururi a tara shi. Daga nan a haɗa shi da kobalt. Wannan haɗin, wanda aka fara a Amurka cikin shekarun 1960, shi ke ba da maganaɗisun da ke riƙe ƙarfinsa a zafin digiri 300, inda maganaɗisun niyodimiyam, wani ƙarfe ɗan uwan samariyam, ya riga ya saki. Shi ya sa ake neman sa a jiragen sama da taurarin ɗan'adam.

Wannan ya fi ƙarfinmu. Abin da na ga za mu iya shi ne gilashi, domin samariyam idan ya narke cikin gilashi yana ba da haske ruwan goro in aka haska shi da fitila mai hasken shunayya. Matsalar ita ce garin ba ya narkewa sai a wajen digiri 2,335, ba ya kuma narkewa a ruwa. Asid ne ke cinye shi. Amma boraks, wanda maƙeran azurfa ke amfani da shi wajen liƙi, yana zama ruwan gilashi a digiri 743, kuma yana haɗiye garin kamar yadda shayi ke haɗiye sukari.

Na ɗauki kwalbar na nufi wajen wani dattijo maƙerin azurfa a Birni, abokin mahaifina. Bayan mun gaisa na yi masa bayani. Ya shafa garin tsakanin yatsunsa ya ce, "Malam, wannan ai toka ce." Na ce, "Baba, kusan haka ne, tokar wani ƙarfe ce." Ya ce yaronsa ya kama zugazugi.

Gwajin farko na yi shi da waya ta ƙarfe da na lanƙwasa bakinta kamar zobe. Boraks ya kumbura kamar gugguru, domin kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sannan ya lotsa ya zama ƙwayar gilashi kamar ta carbi. Amma ta fito da launin ƙasa-ƙasa, kuma a cikin duhu ba ta ba da komai ba. Baba ne ya gano dalili tun kafin in yi magana: "Wayarka ce ta zuba a ciki." Haka ne, tsatsar ƙarfe ta narke cikin gilashin ta kashe hasken. Washegari na zo da 'yar kaskon tangaran daga ɗakin gwaje-gwajenmu.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi koya mini abu, kuma har yau ina tunaninsa. Don ina son haske mai ƙarfi, na zuba garin da yawa, kusan kashi 1 cikin 5. Gilashin ya fito rawaya, da gudaji a ciki, haskensa kuma dishi-dishi. Na koma gida na sake karatu. Ashe idan ƙwayoyin samariyam suka yi cunkoso, kowace sai ta miƙa wa maƙwabciyarta ƙarfin da ta sha, ya ƙare a zafi maimakon ya fito haske. Sai suna nesa da juna suke haskawa. Na rage zuwa kashi 1 cikin 100, muka bar kaskon ya huce sannu a hankali cikin toka don kada gilashin ya tsage. Bayan magariba muka rufe ƙofar maƙera, na kunna 'yar tocilan irin ta duba jabun kuɗi, sai ga gilashin da rana yake fari fes ya kama ja-ja ruwan goro kamar garwashi. Baba ya yi salati, ya taɓa shi da awartaki, sannan da hannu, ya ji sanyi ƙalau. (Wanda zai gwada ya kiyaye idonsa daga wannan fitila, kada kuma ya shaƙi ƙurar garin.)

Akwai abin da ban lura da shi ba sai da damina ta yi nisa. A watan Agusta na auna garin, na gasa shi shi kaɗai har ya yi ja, na sake aunawa, sai na ga ya ragu. Ba ƙonewa ya yi ba. Garin yana shan laima da iskar kabon daga sarari, ni kuwa ina ta buɗe kwalbar ana kallo. Ke nan duk lissafina na baya akwai ruwa a ciki. Yanzu sai na gasa kafin in auna, kamar yadda masana'antu ke yi.

Da na mayar da ƙwayar gilashin aji, bayanin sauran amfanin garin ya zo da sauƙi, domin yara sun gani da idonsu. Ana zuba shi a gilashin da ke tare hasken zafi wanda ido ba ya gani. Ana sa shi ya hanzarta wasu ayyukan sarrafa sinadarai, kamar cire ruwa daga etanol. Inda suka fi nutsuwa shi ne da na kawo maganar Arlit, inda ake haƙar yuraniyam tun 1971: idan yuraniyam ya tsage a tashar nukiliya, cikin abin da ke fitowa akwai samariyam-149, wanda ke haɗiye niyutiron ƙwarai, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsaga yuraniyam ɗin, har dole injiniyoyi su sa shi a lissafin tafiyar da tashar.

Na kuma gyara musu sunan da ake kiran dangin nan da shi, wai ma'adinai masu ƙaranci. Samariyam ya fi kuza yawa a cikin ƙasa. Wahalar tana wajen raba shi da 'yan uwansa, domin a duwatsun monazit da basnasit duk a cakuɗe suke, halinsu kuma kusan ɗaya. Tun 1879 Lecoq de Boisbaudran na Faransa ya gano shi, amma yau Sin ce ke riƙe da kusan dukkan aikin tacewa, kuma a Afrilun 2025 ta sa shi cikin ma'adinai 7 da ba a fitarwa sai da lasisi.

Ƙwayar da na bar wa Baba ta yi hazo bayan 'yan makonni, domin gilashin boraks ma yana shan laima. Ya aiko yaronsa ya faɗa mini. Mun yi da shi cewa idan hunturu ya shigo za mu sake, mu ƙara ɗan farin yashi mai tsabta don gilashin ya yi ƙarko. Saura giram 19 a kwalbar, na naɗe bakinta da roba.